Mahauci a Lambun Goggo Dudu

Shekara talatin ina fawa a Tashar Dukku,
hannuna ya san wuƙa fiye da carbi.
Sai likita ya dubi takarda, ya dube ni,
ya ce, "Malam Barau, jininka ya hau,
ka yi sallama da nama."
Na ce, "Kura za ka sa wa takunkumi a mahauta?"

Manu direba ne ya karkata da ni wata Laraba,
muna dawowa ta Dadin Kowa.
Ƙofar langa-langa, ba allo, ba suna,
yarinya a zaune da gwangwanin madara:
saka dubu ɗaya, ka wuce.
Na ce, "Faranti nawa ke nan?"
Ta ce, "Cikinka ne mudu, Baba."

Tukwane tara a jere a gindin mangwaro,
kowacce da ludayinta, ba mai gadin hannunka.
Kwaɗon zogale ya sha ƙuli da albasa,
faten tsaki da yakuwa yana huci,
ɗanwake na ninƙaya a man gyaɗa,
taushen kabewa ja kamar la'asar sakaliya.
Na nutsa ludayi har gindin tukunya
ko Allah zai sa wani ƙashi ya ɓuya.
Goggo Dudu ta hango ni daga bakin murhu:
"Daina haƙa, ba rijiya ba ce.
Daddawa ce naman gidan nan."

Na sami tabarma kusa da hanyar ruwa.
Wata malamar firamare na cin awara
tana jan biro a littattafan yara.
Ɗan acaɓa ya tuɓe takalmi,
barci ya kwashe shi da cokali a hannu.
Ba rediyo, ba janareta,
sai kurciya, sai ruwan dam
yana bi tsakanin fangalan alayyafo
ba ya gaggawar zuwa ko'ina.

Wata akuya ta leƙo ta shinge,
ta zuba min ido, na zuba mata.
Karon farko tun ina yaro
ban ƙiyasta nawa cinyarta za ta yi ba.

Na koma tukwane sau biyu.
Na uku kunya ta riƙe min ƙafa,
Manu ya ɗebo min a farantinsa
kamar nasa ne.

Ba zan yi ƙarya ba,
daren nan na yi mafarkin balangu,
har na farka ina lasar yatsa.
Amma da Laraba ta zagayo
na kife teburi kafin azahar,
na wanke wuƙa na sa a kube,
na ninke dubu ɗaya a aljihun gaba.
Yaran mahauta suka ɗauki shewa:
"Baba zai tafi kiwo!"
Ban tanka ba.
Na gyara hula, na tsaya bakin titi
ina duban motar Manu,
ina tunanin ko yau ma akwai taushe.