Kunne Ba Ya Biya

Asabar, bayan la'asar,
na sauka daga keke a shatale-talen Leventis,
na shiga shagon Sallau da tafiyar masu kuɗi.

Lasifika biyu, tsayinsu ya kai ƙuguna,
katakon na sheƙi kamar an shafe shi da man shanu.
Ya ce, “Zauna nan tsakiya, kar ka jingina.”
Ya murɗa.
Sai ga kalangu a ɗakin,
har ina jin yatsan makaɗin na goga fata,
har numfashin da ya ja kafin ya buɗe baki.

Don kunya na tambayi kuɗi.
Albashina na wata bakwai.
Na ce, “Zan dawo.”
Ya ce, “Ai kullum kuna dawowa.”

Da ya juya neman canji
na ɗauki hoton lambar bayan akwatin.
Da dare a Tudun Wada, an ɗauke wuta,
waya ta nuna min irinta daga Legas,
da ragi mai tsoka, kawowa kyauta.
Ban saya ba. Can ma kallo na yi.

Wasu kuwa sun saya:
sun ji daɗi a wurin Sallau,
sun biya wanda bai san fuskarsu ba.

Jiya na wuce.
Rabin kantar caja ce da rigar waya,
amma kujerar tsakiya na nan.
Ya hango ni, ya ɗaga hannu:
“Shigo, Malam Tukur, ka ji.
Man janareta dai ƙonewa yake,
ko da kai ko ba kai.”