Abin da Ƙafar Inna Ta Ci

A bangon ɗakinmu na Bilbis nake lissafi da gawayi,
takarda tana ɓata, bango ba ya zuwa ko'ina.

Ƙaya ce kawai, a gonar albasa.
Inna Tsahara ta ce gobe sai labari.
Gobe ta zo ta wuce, ta turo ƙannenta.

Layin farko: Abarshi mai magani, bayan kasuwar Lahadi.
Ya taɓa ƙafar, bai toshe hanci ba.
Ya ce sawu aka ɗauka.
Baƙar kaza, goro goma, jika biyu na buɗe burgami.
Ya ba mu saiwa da garin bagaruwa,
ya tambayi Inna garin kakanninta,
suka yi ta hira har la'asar sakaliya.
Daren nan ta yi barci.
Shi ma barcin na so in rubuta,
ban san gefen da zan sa shi ba.

Na biyu: jar akuyar Rahamu, da cikinta.
Na uku: jika talatin da Bizo ya turo daga Abijan,
gumin dakon wata biyu,
da saƙo, a kai ta likita.
Kawu ya ce wannan ciwo ba ya son allura,
in ta taɓa shi fusata yake yi.
Muka hau mota zuwa wani ƙauye gaba da Kaita,
muka dawo da jarkar tsimi
da aljihu mai iska.

Na huɗu: dami tara daga rumbu, tun bazara ba ta leƙo ba.
Na biyar hannuna ya ƙi, sai da na matsa masa:
kekena na ɗinki.
Saura mako uku salla.
Na bi gida-gida ina mayar wa mutane yadinsu,
ina kallon ƙasa.

Ran da muka shiga babbar likita bisa amalanke,
lokotoro ya soki yatsarta ya ce suga ne.
"Ina kuke tun da wuri?"
Na so in ce, nan kuɗi ke shiga gaba, majinyaci na baya,
Abarshi kuwa yana jira har kaka.
Bai tsaya jin amsa ba, ya miƙo takardar magani.

Daga ƙasan gwiwa suka yanke.

Kwana uku bayan nan, a layin farmasi,
na hango hular da na sani.
Abarshi, jikansa na ɗakin yara, ana ƙara masa ruwa,
shi kuma yana juya ƴan dala-dala a tafin hannu,
ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ba su cika ba.
Ya gan ni. Ya ce, "Ya mai jiki?"
Na ce, "Da sauƙi."

Jika ɗaya ta rage mini a bakin zane.
Na kwance.

Inna har yanzu takalmi biyu take lalube da asuba.
Ni kuma gawayin na hannuna,
wannan jikar ban sa ta a bango ba.