Sa Hannun Malam Rautio

Ƙanƙara ta rufe Duluth tun daren Lahadi,
tafki ya daskare har inda ido ya gaji.
Ni kuwa ina hawa na uku, a layi,
fayil a hammata, takalmina na tsiyaya a daɓe.

Pahoua Vang. Sau goma sha ɗaya na rubuta sunan nan a zangon nan,
har ya fara yi mini kama da na wata.
An ɗauki zanen yatsuna, 'yan sanda sun ce ban taɓa laifi ba.
Asibiti ya ce babu tarin fuka a ƙirjina.
Makina ya haura da ƙyar, kamar akuya a kan danga.
Na karance littafin dokoki, shafi sittin da huɗu,
har sashen da ya hana zama da yaro ƙofa a rufe.

Saura takarda ɗaya, ruwan ɗorawa:
awa ɗari ta gwajin koyarwa,
malamin da ya sa maka ido shi kaɗai zai sa hannu,
da shuɗin biro, kafin ƙarfe huɗu na Juma'a.
Wanda ya makara, sai baɗi.

Baɗi!
Uwata na ɗinkin labule a Saint Paul,
ta riga ta gaya wa dangi watan Mayu ne.

Malam Rautio kuwa ya faɗi gaban allo ranar Talata,
alli a hannu, yana tsakar raba tamanin da huɗu gida bakwai.
Ni na kwashe yara ashirin da uku zuwa laburare,
ni na ce a ci gaba da lissafi, muryata na rawa.
Wannan awar ba ta cikin ɗarin.
Ba a yi mata gurbi ba.

Kunya ta kama ni, zuwa dubiya da takarda.
Na sayi lemo na ɗora a kai don ta ɓuya.
Shi ya hango gefenta.
Baki a karkace, ɓarin dama ya ƙi motsi,
ya miƙo hagu kamar mai neman ruwa.
Minti shida yana jan suna ɗaya.
Sau biyu biron na huda takardar.

Ga ni yanzu gaban Madam Halvorsen,
wadda ake cewa ko ƙuda ba ya wuce tagarta sai da hatimi.
Ta zaro tsohon katin sa hannunsa, ta jera su.
"Ba su yi kama ba," in ji ta. "Doka ta ce su yi kama."
Agogon bango na huɗu saura kwata.
Na buɗe baki, duk abin da na haddace a bas
ya watse ya bar ni.

Ta gyara tabarau, ta jawo fitila.
Ta daɗe a kan harafin ƙarshe,
'yar da'irar da bai rufe ba, ya bar mata kafa a sama.
"Har yanzu ba ya rufe ta," ta ce, ba da ni take ba.
"Aji huɗu, shekarar da babana ya rasa aiki a tashar jiragen ruwa.
Cewa yake a bar wa harafi ƙofa ya sha iska."

Hatimi ya sauka, tim.
Ba ta yi murmushi ba.
Ta nuna mini layi na tara, inda na manta kwanan wata,
ta ara mini bironta,
ta ɗaga kai ta ce, "Na gaba."

Bas ta riga ta wuce, na taka da ƙafa,
iska na yankan kunne.
Ran Litinin lissafinsa na nan a allo,
mai shara ya ƙi gogewa.
Doka ta ce kada in tsaya gaban aji ni kaɗai,
za a turo mai lasisi ya zauna a baya.
To, ya zauna.
Ni na san inda allin ya tsaya.