Batirin da ke Cikinta

A Alaba na same ta, rataye a bango
tsakanin lasifika da fankar da ta daina juyi.
Obiajulu ya goge ta da gefen rigarsa,
ya ce wannan da batir a cikinta, kamar tocila.

Na gwada biyu kafin ita.
Ɗaya nauyin turmi,
ɗaya wuyanta ya karkace.

Ita kuwa, da na ja tsirkiya mai kauri,
ƙirjina ya amsa kafin kunnena.
Gilashin shago ya yi rawa,
mai sayar da caja ya leƙo.
Kuɗin ɗinkin wata huɗu na ƙirga masa,
ban nemi ragi sosai ba.

A danfo zuwa Agege
kwandasta ya ce sai na biya mata kujera.
Na biya.

Daren Asabar, gidan biki a Ikeja,
ana tsakar rawa muryarta ta shaƙe,
ta koma kwaɗo a tsohuwar rijiya.
Ashe kwana uku na bar waya a jikinta,
tana shan batir ina barci.
Tanimu mai ganga ya riƙe fili shi kaɗai,
ni ina durƙushe, gumi na ɗiga,
ina kwance murfin bayanta da bakin almakashi.

Yanzu batir ɗaya na aljihuna
tare da allura da ɓarin goro.
Da dare nakan zare wayar,
in jingina ta da keken ɗinki,
mu huta mu biyu.