Allo a Hammata

A shagon shayin Sabri, bayan tashar jiragen ruwa ta Uskudar,
hawa biyu ne, harshe uku.

A ƙasa tsofaffi ke buga tabla.
Dattijo Nuri ya kaɗa ƙwayoyin a tafin hannu,
ya watsa su kamar mai ba kaji tsaba,
ya ce: shesh-besh!
Rabi Farisanci, rabi Turkanci.
Bai taɓa taka Iran ba,
ko burodi ba zai iya saye da harshen ba,
amma shida da biyar ba su da wani suna a bakinsa.
Haka ya ji wurin mahaifinsa,
shi kuma wurin wani mai aski
da ya rasu ana bin sa bashin shayi bakwai.

A sama, jikarsa Ilgin da abokanta
sun buɗe kwali daga Jamus:
katuna ɗari biyu, 'yan gidajen katako,
littafin dokoki mai shafi talatin.
Mai fassara ya kasa da wata kalma,
sai ya bar ta da rigarta.
Yanzu a karkace suke faɗinta,
ko Bajamushe ba zai gane 'yarsa ba.
Magana ƙasa-ƙasa, kowa na jiran layinsa.
Wanda ya sha kashi, hannu ake miƙa masa.

A ƙasa kuwa, wanda aka cinye
sai an rufe allon, ƙwas!
an cusa masa a hammata:
je ka koyo, ka dawo.
Wanda ba a zolaya, baƙo ne.

Ranar da rufi ya yi yoyo
suka sauko rungume da kwalinsu.
Nuri ya auna littafin a hannu:
wasan da sai an karanta, ai makaranta ce.

Ilgin ta ja kujera,
ta ɗauki ƙwayoyinsa da yatsu suka lashe wa kusurwa.
Ta jefa. Shida da shida.
Cokula suka tsaya cikin kofuna.
Kalmar ta fito daga inda ba ta san ta ajiye ta ba:
dushesh.

Daren nan dara ta ci gida.
Ya fita da allo a hammata,
murmushi a ɓoye cikin gashin baki.
A bakin ƙofa ya tsaya, ya rage murya:
Sabri, 'yan gidajen nan,
ja ne ke fara tafiya, ko shuɗi?