Aron Baki

A ɗakin gilashi nake wuni, a birnin Hague,
na'ura a kunne, kofin ruwa a gabana.
Aikina aron baki:
duk wanda ya ce “ni”, ni ma sai in ce “ni”.

Yau tsohuwa ce daga gaɓar kogin Drina.
An cire mata suna, an ba ta lamba,
an ja labule, an murɗe muryarta
har ta koma kukan ƙyauren da bai sha mai ba.
Ni dai na san Shefika ce,
ta raɗa mini a bakin famfo kafin a shiga.

Magatakarda ya ɗago leda da safar hannu:
shaida ta ɗari huɗu da sha bakwai,
gwangwanin taba da warin safar ulu.
Daga rami na biyu aka tono su,
don motar haƙa ta bi dare ta kwashe na farko,
ta raba mutum ɗaya gida uku.

Ta ce, “Ni na saƙa ta.
Shuɗin zare ya ƙare mini a dunduniya,
na ƙarasa da baƙi.”
Na ce, ni na saƙa ta.

Lauya ya miƙe a hankali, bai ɗaga murya ba.
Ƙarfe nawa? Motar kore ce ko ruwan toka?
Shekara tara da suka wuce kin ce Talata,
yau kuma Laraba. Wanne za mu rubuta?

Ta ce, “Ranar da na bar madara a wuta ce.
Mevludin ya waiwayo sau ɗaya.”

Abin da maƙwabciya ta faɗa mata game da harbin,
alƙali ya ce za a auna shi daga baya,
gani ya kori ji.
To, waɗanda suka gani
suna cikin leda, kowa da lambarsa.

Bayan azahar wanda ake tuhuma ya gyara kwala,
ya ce, “Ba na wurin. Ban sanya hannu ba.”
Da bakin nan da ya saƙa safa ɗazu
na ce, ba na wurin.

Da yamma na tura kekena cikin yayyafi.
Na ƙwanƙwasa ƙofa, 'yata ta ce, “Wane ne?”
Na daɗe a tsaye da amsar a harshena.