Abin da Ban Rubuta a Takardar Taro Ba

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da alƙalamin taro
a hawa na uku, tsangayar kasuwanci, birnin Makassar.
Ta taga ana hango jiragen ruwa na katako
suna jiran buhunan siminti da shinkafa.
Ba a tambayata ra'ayi. Nawa dai rubutawa.

Duk ƙarshen damina sukan zauna su sake wa manhaja riga.
Bara sun cusa darasin na'ura mai ƙwaƙwalwa,
bara waccan sun cire tarihin fatauci, wai ya tsufa.
Shugaba Mappasomba ya ce, yana juya cokali a kofi,
"Jagororin gobe muke ƙerawa,
ƙarfe kuwa da zafinsa ake dukansa."
Na rubuta: an yi bayani.

Sai Malama Tenriabeng ta miƙa takarda fallen ɗaya.
Sunan darasinta, Yadda Ake Rufe Kamfani.
Ɗakin ya yi tsit, har ana jin fanka tana ƙorafi.
"Iyaye na biyan kuɗi don 'ya'yansu su hau,
ke kuma saukowa za ki koya musu?"
Ta ce, "Wanda ya hau rimi bai koyi sauka ba
faɗowa zai yi,
kuma akwai mutane zaune a gindin."
Na rubuta: an yi musayar ra'ayi.

Ga abin da ban rubuta ba.
Na taɓa leƙa ajinta ina neman sa hannu.
Wani yaro, Pallawa, ɗan mai otal biyu,
ya gama lissafin gwaji a kan allo:
a sallami mutum goma sha bakwai, riba ta dawo.
Lissafi daidai, ko rupiya ɗaya ba ta ɓace ba.
Ta ba shi wata takarda. "Karanta da ƙarfi."
Sunaye ne, da shekarun aiki,
da yawan bakin da ke jira a kowane gida.
Ya karanta na farko kamar mai kiran lambar mota.
A na shida muryarsa ta fara tuntuɓe.
Na tara mai gadi ne, saura wata huɗu ya ajiye aiki.
Yaron ya daɗe tsaye,
sannan ya koma allo, ya fara yanka daga albashin manaja.
Ba ta yaba masa ba.
Ta ce, "Har yanzu sai biyar sun tafi.
Gobe ka zo da kalmomin da za ka faɗa musu,
ido da ido."

Mijina ta saƙon waya aka sallame shi
daga masana'antar garin alkama, wata Talata.
Layi biyu, babu suna a ƙasa.
Wanda ya aiko, na tabbata, yana da digiri mai kyau.
Wataƙila ma ni na buga takardar shaidarsa.

An kaɗa ƙuri'a, biyar da huɗu.
Darasin ya shiga, amma na ganin dama,
aka jefa shi Juma'a da la'asar,
sa'ar da harabar ke komawa ta kuliyoyi da masu shara.
Dabarun Mamaye Kasuwa ya samu babban zaure
da sabuwar na'urar sanyi
da hoto a kundin talla, samari cikin kwat
sun harɗe hannuwa suna kallon nesa.

Goma sha ɗaya suka yi mata rajista.
Ɗaya ya gudu a mako na biyu.

Rabon ɗakuna kuwa a hannuna yake.
Na ba ta na kusurwa, mai taga a kan tashar ruwa,
inda 'yan dako ke wucewa da yamma
suna ƙirga kuɗin yini a tafin hannu.
Babu wanda ya tambayi dalili.

Na rubuta: taro ya tashi ƙarfe huɗu da kwata.